Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Ƙishirwa, Himma da Abin da Ɓerayen Gwaji Suka Nuna

Duk wanda ya taɓa shayar da dabbobi a bakin rijiya cikin watan Afrilu, a Gidan Katta ko a wani ƙauye na ƙasar Illela, ya san dabba ɗaya tana nuna hali uku cikin rabin sa'a. Idan garke ya iso da rana tsaka, ba ya jin kira, ba ya jin sanda. Dabbobin suna ture juna, suna cusa baki a kwamin da ba a riga an zuba wa ruwa ba. Da sun ɗan kurɓa sai su natsu, kowace ta tsaya wurinta, makiyayi ya yi magana a ji. Da sun ƙoshi kuwa, ko an cika kwamin fal ba mai waiwayarsa. Dabbar ita ce dai, wayonta bai ƙaru ba, bai ragu ba. Halin da cikinta yake ciki ne ya sauya, sai aikinta ya bi sahu.

Abin nan da makiyayi ke gani da ido, shi ne masana ƙwaƙwalwa suka shafe shekaru suna aunawa a jikin ɓeraye, ɗigo bayan ɗigo. Abin da suka gano ya cancanci mu tsaya a kansa, domin ya shafi mai shanun huɗa, ya shafi malamin makaranta, ya shafi duk wanda ke sa wani aiki. A taƙaice: buƙata tana kawo mai rai bakin aiki, amma ba ita ke sa shi ya ƙware ba. Idan ta yi ƙaranci ya watsar da aikin, idan ta yi yawa ta rufe masa ido.

Me ya sa ake rage wa ɓera ruwa

Ɓera ba ya karɓar albashi, ba ya jin lallashi. Masanin da ke son ganin yadda ƙwaƙwalwa ke yanke shawara dole ya samo abin da zai sa ɓeran ya maimaita aiki ɗaya sau ɗaruruwa a zama guda. Hanyar da aka fi bi ita ce ƙishirwa. Ɓeran gwaji, mai nauyin giram 20 zuwa 30, yakan sha mililita 3 zuwa 5 a rana idan an bar shi da son ransa. Sai a rage masa zuwa wajen mililita 1, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi, ana auna nauyinsa kullum don kada ya faɗi ƙasa da kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na nauyinsa na asali. Ɗakin gwajin Karel Svoboda a cibiyar Janelia ta Amurka ya wallafa wannan tsari dalla-dalla a 2014, kuma ɗakunan gwaji da yawa sun bi shi.

Daga nan sai a koya wa ɓeran aiki. A shaƙa masa ƙamshi iri biyu: in ya ji na farko ya lashi bakin bututu a ba shi ɗigo, in ya ji na biyu ya kame. Ko a nuna masa zane a allo, hagu ko dama, ya murɗa ɗan gargare da ƙafafun gaba. Ladar kowace amsa daidai ɗigo ne ƙarami ƙwarai, ta yadda sai ya tara ɗaruruwa kafin ya cika rabonsa na yini. Ta haka zaman gwaji ɗaya yake zama tafiya daga matsananciyar ƙishirwa zuwa ƙoshi, masana kuma suna kallon abin da ke faruwa a kowane zango.

Inda ƙishirwa take zaune

Da akuya aka fara buɗe wannan ƙofa. A farkon shekarun 1950, Bengt Andersson, masanin lafiyar dabbobi a ƙasar Suwidin, ya ɗiga ruwan gishiri kaɗan a wani sashe na can ƙasan ƙwaƙwalwar awaki. Awakin da suka riga suka ƙoshi sai suka koma kan ruwa suna ta kwankwaɗa. Wannan ya nuna cewa ƙishirwa ba bushewar maƙogwaro kawai ba ce. Akwai ma'auni a ƙwaƙwalwa da ke duba kaurin jini, kuma da kaurin ya ƙaru da kashi 1 ko 2 cikin ɗari sai ya buga ƙararrawa: a umarci ƙoda ta riƙe ruwa, a umarci jiki ya tashi neman sha.

A 2015, Yuki Oka da Charles Zuker na Jami'ar Columbia suka kai ga ainihin jijiyoyin ƙishirwa, a wani ɗan curi da masana ke taƙaita sunansa da SFO. Sun yi amfani da dabarar kunna jijiya da haske. Da suka haska rukuni ɗaya, ɓeran da ya ƙoshi ya ruga ya hau sha nan take. Da suka haska wani rukunin, ɓeran da ƙishirwa ta dama ya juya wa ruwa baya. Ke nan akwai masu tunzurawa, akwai masu tsayarwa, kuma a gida ɗaya suke.

Shekara guda bayan haka, Christopher Zimmerman da Zachary Knight a San Faransisko suka warware wani tsohon abin mamaki. Ruwan da aka sha yana ɗaukar mintoci da dama kafin ya shiga jini, amma ƙishirwa takan lafa tun ana cikin sha. Sun ga cewa jijiyoyin ƙishirwa ba sa jiran jini. Da ruwa ya taɓa baki suke fara yin shiru, suna lissafin abin da ke tafe. Sanyi a baki shi kaɗai yana kwantar da su, shi ya sa ruwan randa ya fi ruwan jarkar da ta sha rana kashe ƙishi. Cin abinci kuma yana tayar da su tun kafin gishirinsa ya kai jini.

Wasu gwaje-gwajen na 2015 da 2017 sun ƙara nuna cewa kunnuwar waɗannan jijiyoyi abu ne da ɓera ke ƙi. Yana guje wa wurin da aka haska su, yana kuma yarda ya yi aiki don a kashe masa hasken. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin da Clark Hull ya kawo tun 1943, cewa buƙata matsi ce, kuma mai rai yana aiki ne don ya sauke ta. Ya kamata a riƙe wannan da kyau: ɓeran da ke ta lasar bututu ba nishaɗi yake yi ba, kuɓuta yake nema.

Ƙishirwa ba ta tsayawa a gida ɗaya

Binciken da ya fi fito da girman lamarin shi ne na William Allen da Liqun Luo da Karl Deisseroth na Jami'ar Stanford, a 2019. Sun saurari jijiyoyi kusan 24,000 a sassa 34 na ƙwaƙwalwa, ɓerayen suna aikin ƙamshi biyu. Lokacin da ɓera ke jin ƙishirwa, ƙamshin da ke alamta ruwa yakan tayar da motsi da ke bazuwa kusan ko'ina, daga sassan ji zuwa na shawara zuwa na motsa harshe. Da ɓeran ya ƙoshi, ƙamshin yana nan yana isa ƙwaƙwalwa, amma saƙon ba ya yin nisa, sai ya mutu a hanya. Da suka haska jijiyoyin ƙishirwa a jikin ƙosasshen ɓeran, bazuwar ta dawo, lasar ma ta dawo.

Ma'anar wannan tana da zurfi. Ɓeran da ya daina amsawa bai kurmance ba, bai manta darasi ba. Hancinsa na aiki, ya kuma san abin da ƙamshin ke nufi. Abin da ya yanke shi ne hanyar da ke tsakanin sani da aikatawa, kuma buƙata ce ke buɗe ta.

Yawan zumuɗi ma ɓarna ne

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce a ƙara wa ɓera ƙishirwa ya ƙara ƙwazo. Ba haka ba ne. Tun 1908, Robert Yerkes da John Dodson sun koya wa ɓeraye bambanta farin akwati da baƙi, suna horon mai kuskure da ɗan jan lantarki. Idan bambancin a fili yake, ƙarin horo yana hanzarta koyo. Idan bambancin mai wuya ne, horo matsakaici ya fi, mai tsanani kuma sai ya rikita su. Ɓerayensu kaɗan ne, kuma horo suka auna ba ƙishirwa ba, amma tambayar da suka bari ta rayu fiye da ƙarni.

A 2022, Giulio Matteucci da Sami El-Boustani na Jami'ar Janeba a Suwizalan suka gwada ta da ƙishirwa. Sun koya wa ɓeraye cewa idan aka taɓa wannan gashin baki, ruwa na bututun hagu, idan aka taɓa wancan, yana na dama. A farkon zama, ƙishirwa na kan ganiyarta, ɓerayen suna lasa barkatai ba tare da kula da gashin da aka taɓa ba. A tsakiyar zama, sun ɗan jiƙa maƙoshi amma ba su ƙoshi ba, sai amsoshinsu su daidaita. A ƙarshe kuma su saki aikin. Da aka leƙa ƙwaƙwalwa, sai aka ga a lokacin zumuɗi jijiyoyin sun yi ta kuwwa har saƙon gashi ɗaya ya cakuɗe da na ɗayan. A lokacin ƙoshi saƙon ya fito tas, amma ya yi rauni, bai isa inda ake yanke shawara ba.

Karin maganarmu ya riga ya faɗi rabin wannan: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda cikinsa ya bushe ƙurmus shi ya fi kowa son ruwa, shi ne kuma ya fi kowa kasa jan guga a natse.

Sani daban, nunawa daban

Akwai wani gwaji da a ganina ya fi sauran amfani ga malamai. A 2019, Kishore Kuchibhotla da Robert Froemke a Niyok suna koya wa ɓeraye bambanta sauti biyu. Kwanaki suna wucewa, ɓerayen suna ta kuskure, kamar ba su fahimta ba. Sai masanan suka riƙa janye bututun ruwan na ɗan lokaci suna buga sautukan haka kawai. Nan take amsoshin suka gyaru: ɓera ya lashi iska a sautin da ya dace, ya kame a ɗayan. Da aka mayar da bututu, kuskure ya dawo. Ashe sun daɗe da gane darasin. Ganin ruwa a gabansu ne ke hana su haƙurin nuna abin da suka sani.

Haka kuma, wata gamayyar ɗakunan gwaji ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a 2017 ta horar da ɓeraye 140 a ɗakuna 7 kan aiki iri ɗaya, ta tara amsoshi miliyoyi. Da Zoe Ashwood da Jonathan Pillow na Jami'ar Princeton suka tace irin waɗannan bayanai a 2022, sai suka ga kuskuren ɓera ba a warwatse yake ba. Yana shiga wani yanayi na mai da hankali, ya jera amsoshi masu kyau, sannan ya faɗa wani yanayi na karkata gefe ɗaya ko da me aka nuna masa, ya daɗe a ciki, sannan ya farfaɗo. Wanda ya tara maki ya raba kawai zai ce ɓeran matsakaici ne. Gaskiyar ita ce gwani ne a wani lokaci, a wani lokacin kuma hankalinsa ba ya wurin.

Tambayar da ke kan masanan kansu

Wannan sakamako ya juyo kan masu binciken. Idan ƙishirwa tana rina dukan ƙwaƙwalwa haka, to yawancin abin da aka rubuta kan yadda ɓera ke yanke shawara labari ne na ƙwaƙwalwar da ke cikin matsi. Ɗakin gwaji biyu za su iya samun sakamako mabambanta, ba don komai ba sai don ɗaya ya fi ɗaya matse ruwa.

Ga kuma haƙƙin dabbar. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da ake bi har yau: a maye gurbin dabba inda zai yiwu, a rage yawan da ake amfani da su, a sauƙaƙa musu wahala. A kan wannan hanya, Anne Urai da Anne Churchland da abokan aikinsu suka gwada wata dabara a 2021. Maimakon a ɗauke ruwa, sai a bar shi a keji dare da rana amma a sa masa sinadarin tsamin lemo kashi 2 cikin ɗari. Ɓera yana shan abin da zai riƙe shi, ba ya sha don daɗi, sannan ya zo gwaji da marmarin ruwa mai kyau. Ƙwazon bai ragu sosai ba, kuma an bar wa dabbar ikon kashe ƙishinta idan ya tsananta.

Wannan bai kamata ya zama baƙon tunani a wurinmu ba. A hadisai ingantattu an ba da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, da matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci. Ɓeran keji ma a hannun mutum yake. Akwai kuma abin lura ga masu bincike na gida. Ana ajiye ɓerayen Turai da Amurka a ɗakuna masu sanyin digiri 20 zuwa 24, alhali a Sakkwato zafin bazara yana haura 40. Wanda ya kwafo ƙa'idar mililita 1 ya dasa ta a nan ba tare da ya auna zafin ɗakinsa ba, ya zalunci dabba, ya kuma ɓata sakamakonsa.

Abin da ya shafe mu a ƙasar Illela

Ɓera ba sa ba ne, ba kuma ɗan Adam ba ne, don haka a yi hattara da gaggawar kwatance. Halittu sun bambanta wajen jure ƙishi. Knut Schmidt-Nielsen, wanda ya yi nazarin raƙuma a Beni Abbas ta Aljeriya a 1953 da 1954, ya nuna cewa raƙumi yana iya rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ya ci gaba da tafiya, yana barin zafin jikinsa ya hau daga digiri 34 da asuba zuwa sama da 40 da rana don ya tsimi gumi. Sa ba shi da wannan baiwa. A ranar zafi yana buƙatar lita 30 zuwa 40 ko fiye. Amma ma'aunin ƙishirwa da ke ƙwaƙwalwa iri ɗaya ne a akuya da ɓera da mutum, shi ya sa darasin yake tsallakowa.

Ƙasarmu ƙasar dabbobi ce. Karar Illela tana cika kowace Lahadi da shanu da raƙuma da tumaki da jakuna, da yawa daga cikinsu sun tsallako daga wajen Ƙonni bayan doguwar tafiya, wasu kuma daga nan za a loda su zuwa kudu. Ƙasar ruwa mai wuya ce kuma, kowa ya ga yadda tafkin Kalmalo ya ja baya. A irin wannan wuri ne ake jin wasu na cewa kada a shayar da jaki ko san huɗa sai ya gama aiki, wai in ya sha zai yi lalaci. Abin da aka gani a jikin ɓeraye ya saɓa wa wannan. Dabbar da ƙishi ya kai wa wuya hankalinta na ga ruwa, ba ga layin kunya ba. Za ta karkace, ta yi gardama, a ce taurin kai ne a hau duka, alhali saƙon mai garma ne ya cakuɗe da kuwwar cikinta. Horon sabon sa musamman aiki ne na bambancewa, tsaya da tafi, hagu da dama, kuma irin wannan aiki shi ne yawan matsi ya fi ɓatawa. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana kusa da mu, kuma lokutan shayarwa da ƙwazon dabbobin aiki tambaya ce da ta cancanci a auna ta a gonakinmu da zafinmu.

Game da mutane, bincike da dama ya nuna cewa idan jiki ya rasa ruwa wajen kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, mai da hankali yana raguwa. An gwada ba ɗaliban firamare ruwa kafin jarrabawar lura a Ingila da Zambiya da Mali. Sakamakon bai zo iri ɗaya ba, don haka ba za a ce kofin ruwa yana ƙara basira ba. Abin da za a iya cewa ya fi haka sauƙi: yaron da ya tako daga nesa, ya zauna ƙarƙashin kwano da rana tsaka ba randa a aji, makinsa ba ma'aunin iliminsa kaɗai ba ne. Kafin a kira shi daƙiƙi, a tambayi halin da ya amsa tambayar a ciki.

Za a ce, to azumi fa? A nan ne kwatancen yake tsayawa. A 2024 Ramadan ya faɗo cikin Maris da Afrilu, har aka auna digiri 48.5 a Kayes ta Mali, mutane kuma suka yi azuminsu. Mutum yana da niyya, ya san dalilin ƙishinsa, ya san lokacin da zai ƙare, ɓera kuwa bai san ko ɗaya ba. Duk da haka shari'a ta yi rangwame ga mara lafiya da matafiyi, mutane kuma sun saba mayar da aiki mai nauyi zuwa sanyin safiya. Ƙishin da mutum ya ɗauka don Allah daban yake da wanda mai iko ya ɗora wa na ƙasa da shi don ya matse aiki daga jikinsa.

Wannan na biyun shi ne abin da binciken ya rushe. Akwai tunani mai tsawon rai cewa wanda aka ƙuntata ya fi ƙwazo: a bar almajiri da yunwa ya yi karatu, a riƙe wa lebura haƙƙinsa ya dage, a hana dabba ruwa ta yi sauri. Ƙuntatawa tana haifar da motsi mai yawa, ba shakka, kamar yadda ɓeran farkon zama ke lasa ba ƙaƙƙautawa. Amma yawan motsi ba shi ne aiki mai kyau ba, kuma mai duba daga nesa yakan ɗauki firgici a matsayin himma. Wanda ke son aiki mai inganci daga dabbarsa, ko ɗalibinsa, ko ma'aikacinsa, ya fara biya masa buƙatar da ke cin ransa, sannan ya ba shi dalilin da zai sa ya so aikin. Kuma idan aikin ya lalace, ya binciki abin da shi ya hana kafin ya ɗaga sanda.